Kaset a Malumfashi, Bidiyo a Funtuwa

Ranar da Baba ya rasu kowa ya zo da abin da zai faɗa a kansa. Mutanen gidan gurzar auduga, inda ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare, sun ce ba za a sake mai duba auduga irinsa a Funtuwa ba, wai da yatsu biyu yake gane wadda aka yayyafa wa ruwa don ta yi nauyi. Liman ya ce sahun gaba ya yi giɓi. Mata suka cika tsakar gida, wannan ta ce shi ya sasanta ta da mijinta, waccan ta ce shi ya raɗa wa ɗanta suna. Wata tsohuwa kuwa ta jawo ni ta tambaye ni a kunne, wai yanzu shi ke nan an daina nuna wa yara Indiya ran Juma'a? Ban ji haushinta ba, don abin da ke ran rabin unguwar ta faɗa.

Mutum ɗaya ne bai buɗe baki ba, shi ne kuwa wanda kowa ya zuba wa ido. Taubashin Baba ne, wanda muke kira Baban Malumfashi. Kirista ne, don haka da aka tsaya sallar gawa ya ja gefe ya cire hula, da aka ɗauki makara kuma ya bi har bakin kabari. Tsofaffi sun yi ta jira ya yi irin ta taubasai, ya ce a ba shi takalman mamaci ko babbar rigarsa, a ɗan yi dariya cikin kuka. Bai yi ba. Ya zauna a ƙarshen tabarma yana jujjuya hularsa. Sai ga mutane suna tsallake yayyena maza, 'ya'yan mamaci na cikinsa, suna zuwa su durƙusa gaban wannan tsoho suna yi masa ya haƙuri. Ina leƙe ta zaure ina gani. Ni na yi jinya, ni na yi wanki, ni na yi ɗurar koko, amma shi ne aka ɗauka mai rashi. Kishi ya turnuƙe ni, kuma ba ranar ya fara ba.

Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da Baba. Abin haushin shi ne ba yadda za a yi a tuna shi ba tare da wannan mutum ba, ko ina so ko ba na so.

Kakanmu da mahaifiyar Baban Malumfashi uwa ɗaya uba ɗaya suke, 'yan wani ƙauye kusa da Mahuta. Shi ya musulunta ya shigo Funtuwa, ita aka kai ta aure wajen Malumfashi, gidan mijinta suka bi mishan. Baba ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka a wasan taubasai Baba ne ubangida, shi kuma bawa. Ban taɓa jin Baba ya kama sunansa ba, sai dai "bawan nan". Idan miya ta yi daɗi, da bawan nan zai ɗanɗana da ya san matarsa ba ta iya komai ba. Idan aka yi ruwa, ko ya kai gonar bawan nan oho. Ni Baba yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, amma a yini guda yakan ambaci bawan nan fiye da yadda yake ambatona a mako.

Ban da jini, silima ce ta ɗaure su. A shekarar da aka bar fam aka koma naira, Baban Malumfashi ya zo Funtuwa, Baba ya ja shi silima, irin wadda ba ta da rufi. Wani tsohon fim ɗin Indiya aka sa, mara kala, labarin wani mai fito da matarsa ta fara naƙuda ana tsakiyar ambaliya, ungozoma kuwa tana hayin kogi. Ya tura jirginsa ya shiga ruwa. Ruwa na zuba a allo sai na sama ya ce shi ma ga shi. Aka kashe majigi, kowa ya kama gabansa a guje. Washegari suka koma tun ba a buɗe ƙofa ba, aka ce musu ai fim ya bi mota zuwa wani gari, yau na kaboyi za a sa.

Tun daga nan gardama ta samu gindin zama. Baba ya ce mai fito ya dawo da ungozoma, shi ya ga yadda ya riƙe gora, mai irin wannan riƙo ba ya nutsewa, kuma Indiyawa ba su da rashin imanin da za su bar mai jego da takaba. Baban Malumfashi, da yake malamin asibiti ne, ya ce shi ya saba ganin yadda abubuwa ke ƙarewa, ruwa ya ci mutumin nan, ai shi ya sa kiɗan ya canza. A suna su yi, a biki su yi, har a zaman makokin wasu na ji suna yi ƙasa-ƙasa. Ina 'yar yarinya na fara jin gardamar nan, na yi aure na haihu ba ta mutu ba.

Da Baba ya je Makka, Inna ta ce ya taho mata da keken ɗinki. Ya dawo da bidiyo. A lokacin iri biyu ne, mai cin ƙaramin kaset da mai cin babba, mai shagon kuma ya rantse masa ƙaramin ya fi fitar da hoto tar. Ba a daɗe ba kasuwa duk ta koma babba. Baban Malumfashi ya je ya sayi mai babban, ya aiko wa Baba da saƙo cewa in ya rasa abin da zai saka wa nasa ya gwada tura masa biskit.

Baba bai damu ba, don shi dama ba kaset ɗin kasuwa yake nema ba. Waɗanda ake kwafa daga wani zuwa wani har fuskar mutum ta koma kamar an jiƙa ta, ɗumame yake kiransu. Nasa su ne na asali. Akwai wasu ƙananan kamfanoni a Ingila da ke bin tsofaffin finafinai da suka kusa ɓacewa, su gyara su, su fitar da 'yan kaɗan kawai, kowane cikin kwali mai tauri, da ɗan littafin hotuna a ciki da lamba da aka rubuta da hannu. In sun ƙare sun ƙare. Wani injiniya Ba'indiye da ke aiki a masaƙa shi ke yi masa hanya. Sai a yi watanni ana jiran guda ɗaya. Ran da ya iso Baba ba ya cin abinci da rai, sai ya wanke hannu da sabulu, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya buɗe kwalin a hankali, ya shinshina. Sannan ya sa a buɗe kabad ɗin gilashin Inna, wanda tuni ya kori kwanoninta daga ciki, ya yi wa baƙon wuri.

Ya san kowane kwali da inda ya ƙuje da ranar da ya ƙuje. 'Ya'yana uku kuwa har ya bar duniya yana musanya sunayensu. In na yi ƙorafi ya ce ai yara suna canza kama, kwali ba ya canzawa. Wata rana maigidana zai yi baƙi daga Zariya, ya zo da ladabinsa ya roƙi aron guda ɗaya. Baba ya dube shi ya ce, ranar da ya zo neman 'yarsa bai ko kwana da maganar ba ya ba shi, amma kaset sai ya yi tunani. Ina bayan labule na ji da kunnena. Na yi fushi na daina zuwa gidan. Baba bai aiko da ban haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ƙunshin rake ya aiko mini, da saƙon cewa Uwata ba ta san wasa ba. Na shanye raken, amma har yau ban tabbata wasa yake ba.

Ba zan ce marowaci ba ne, Allah yana gani. Duk Juma'a bayan la'asar yakan sa a fito da talabijin zaure, yaran unguwa su cika har waje. Ɗumamen da ya tara tun kasuwa ba ta koma babba ba yake sa musu, amma shi ke fassara, alhali bai san ko kalma ɗaya ta Indiyanci ba. In jarumi ya buɗe baki Baba ya ce, yana cewa ne ubanki ya cika tsada da kayan lefe. Akwai wani maƙwabcinmu tsoho makaho, shi Baba ke zaunarwa a damansa, yana gaya masa komai, launin zane, tsawon gashin yarinya, irin shanun da suka gifta. Tsohon nan ya fi mu masu ido sanin finafinan, har gyara wa Baba yake yi in ya canza fassara.

Ana nan sai injiniyan ya zo da labari cewa ɗaya daga cikin kamfanonin nan ya tono fim ɗin mai fito ya fitar. Baba ya rasa inda zai sa kansa. Aka aika, aka jira, amsa ta dawo cewa sun ƙare. Kwana biyu Baba bai fita zaure ba. Inna ta ce ko rasuwar ƙanensa ba ta kwantar da shi haka ba.

Bayan 'yan makonni aka yi sunan ɗan yayana. Sai ga Baban Malumfashi da wani abu a naɗe cikin tawul. Ya bari sai da aka watse, ya tsaya nesa da Baba yadda hannu ba zai kai ba, ya buɗe. Kwalin ne, ga mai fito a jiki da gorarsa, ga lambar hannu a ƙasa. Ashe wani likita Bature da suke aiki tare ya tafi hutu gida, shi ya roƙa ya samo masa tun kafin su ƙare. Na ga fuskar Baba a lokacin. Ban taɓa ganin ya kalli ɗan Adam haka ba, balle ni. Ya miƙa hannu, Baban Malumfashi ya ja baya ya ce hannun da ya ci waina ba ya taɓa wannan.

Baba ya ce to ya gaya masa, mai fito ya dawo ko bai dawo ba? Nan Baban Malumfashi ya fara sosa ƙeya. Ashe da yake ba Bature saƙo bai ce masa babba ko ƙarami ba, shi a ganinsa kaset kaset ne. Bature ya taho da ƙarami. Baban Malumfashi ya tura wa bidiyonsa, kaset yana lilo a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Ya zagaye Malumfashi bai samu mai ƙaramin bidiyo ba. A duk wanda ya sani, mutum ɗaya ne ke da shi, wanda ya ce ya tura wa nasa biskit. Baba ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Kowa ya ɗauka a ranar za a kalla a huta. Ina! Baba ya ce bawa da kayansa duk na ubangida ne, don haka shi bawan ya ajiye kwalin a kabad ya je ya zauna a ƙasa a nuna masa. Baban Malumfashi ya ce an daina bauta tun zuwan Turawa, wanda ke son kallo ya ɗauko bidiyonsa ya kawo Malumfashi, su ma suna da wuta. Ya naɗe tawul ɗinsa ya kama hanyar tasha. Wasa ne, kowa ya san wasa ne, amma irin wasan da ke da ƙashi a ciki. Shekaru suka yi ta wucewa, kaset a Malumfashi, bidiyo a Funtuwa.

Kishin kwalin nan ya ci Baba. Duk wanda ya zo daga can sai ya tambaye shi ko ya ga inda bawan nan ke ajiye shi, ko ɗakin yana yoyo da damina, ko jikoki suna taɓawa. Ya sayi wasu na asali bayan nan, ya wanke hannu ya shinshina kamar kullum, amma daɗin ya ragu. Ni kuma nawa kishin yana gefe yana girma. Na ce masa bari in ɗauki shatar mota mu je da bidiyon, yini ɗaya ne. Ya ce, "Uwata, ba ruwanki, wannan tsakanina da bawana ne." Ina da 'ya'ya uku, ina koyar da aji guda na 'ya'yan mutane, aka ce mini ba ruwana.

Sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya mutu. Na tattaro na dawo gida, don Inna ƙarfinta ya ƙare, yayyena kuma kowa da aikinsa. Watanni ina juya shi, ina goge shi, ina lallashinsa da cokali. Bai taɓa yi mini tsawa ba, bai kuma taɓa yi mini murmushi ba. Idonsa kullum yana kan kabad. Baban Malumfashi yakan zo duba shi, ya taɓa jijiyar hannunsa, ya tsokane shi, amma hannu rabbana yake zuwa, Baba kuma ya gwammace ya mutu da ya roƙa. Da na ga abinci ya fara komawa yadda na kawo shi, na san in ba a yi wani abu ba mutumin nan zai tafi da tambayarsa.

Ban gaya wa kowa ba na hau bas na tafi Malumfashi. Na same shi a gida, na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya tambaye ni ko ubangidansa ne ya aiko ni, na ce a'a. Ya ce to ba zai ba ni ba. Raina ya ɓaci, na gaya masa maganganun da ba a gaya wa uba, na ce su biyun duk tsufa bai koya musu komai ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, kayan ubangida ba a aikawa da su. Bawa ke kaiwa."

Washegari da hantsi muka ji ihun yara a waje. Na leƙa. Tsoho ne da furfura, malamin asibiti guda, ya yi gammo da tawul ya ɗora ɗan kwalin da bai kai nauyin buredi ba a ka, ya taho a ƙasa tun daga tasha yana nishi kamar mai ɗauke da buhun masara. Ya shigo har ɗaki, ya durƙusa a bakin gado ya ce, "Ranka ya daɗe, bawa ya kawo kaya." Rabin fuskar Baba mai rai ya yi dariya, har da hawaye. Ina tsaye da kofin koko a hannu. Abin da na yi watanni ina nema, wannan ya samu da tawul a ka.

Bayan azahar aka haɗa bidiyo. Baba ya sa shi ya wanke hannu sau biyu kafin ya yarda ya buɗe. Ba wanda ya ce in zauna, ba kuma wanda ya ce in fita, sai na zauna a bayan Baba ina tare masa matashi. Hoto ya fito tar. Suka yi ta magana a kan fim ɗin, wannan ya ce ka tuna nan, wancan ya ce ƙarya kake ba haka aka yi ba. Baba har da fassara, da harshensa mai nauyi. Aka zo naƙuda, aka zo ambaliya, mai fito ya tura jirgi. A nan na ji nauyin Baba ya ƙaru a kafaɗata. Maganin da nake ba shi da rana yana sa barci, ga gajiyar dariya. Ya yi barci daidai inda ruwa ya kore su a silima.

Na yi wa Baban Malumfashi alama in tashe shi. Ya kai hannu zai tsayar da kaset, sai ya fasa, ya girgiza mini kai. Mu biyu muka kalli sauran. Gari ya waye a fim, ruwa ya janye, jirgi ya dawo bakin gaɓa ba kowa a ciki. Matan maƙwabta suka karɓi haihuwa. Aka nuna gora tana yawo a kan ruwa, aka rubuta ƙarshe. Duk shekarun nan Baban Malumfashi ne ke da gaskiya. Na dube shi in ga murnar wanda ya ci gardama, na ga yana kallon ƙasa.

Shuuu ɗin talabijin ne ya tashi Baba. Ya buɗe ido, ya ga allo ba komai, ya gane abin da ya faru. Ya ce, "Kai bawa. Ya dawo?"

"Ya dawo, ranka ya daɗe. Da ungozoma a jirgi, jiƙe sharkaf. Namiji aka haifa. Kai ka ci."

"Ban gaya maka ba? Riƙon gorar nan."

"Ka gaya mini."

A ranar Baba ya ci tuwo da hannunsa. Kwanakin da suka rage masa, duk wanda ya shigo dubiya sai ya ji cewa mai fito ya dawo, bawa ya sha ƙasa. Kwalin yana cikin kabad, bidiyo yana haɗe, wuta ba ta yi mana rowa ba, amma ko sau ɗaya bai ce a mayar a nuna masa ƙarshen ba. Baba da ba ya yarda da labarin kowa. Ban san abin da ya sani ba, ban kuma tambaye shi ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya yafe masa ƙananan rigingimunsa kamar yadda ya sha yafe mana manya. Shi kuma wancan tsoho Allah ya ba shi haƙurin zama ba abokin gardama. Na yi masa wannan addu'a da zuciya ɗaya, amma kishinsa bai bar ni ba, kuma ba na jin zai bar ni. Don a ranar nan, tun jirgin bai gama isowa gaɓa ba na riga na shirya tawa ƙaryar, irin tasa sak, har da ɗa namiji. Tana bakina. Kan Baba yana kafaɗata, numfashinsa yana taɓa wuyana, juyowa kawai zai yi. Ba ni ya tambaya ba.